KA SAN AINIHIN ABIN DA YA RAGE A ASUSUNKA NA BANKI?



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammad Sallallahu Alaihi Wasallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, darasinmu na yau a kan wani nau'in bashi ne da mutum yake iya shiga cikinsa ba tare da ya je gaban kowa ya ce a ranta masa ba. Sai dai kawai ya duba wayarsa ya ga lambar da ke asusunsa da alamar ragi a gabanta, banki yana bin sa. Ma'aikatan banki suna ce masa obadiraf, malaman Larabawa na wannan zamani kuma suna ce masa "as-sahbu alal makshuf". Da Hausa dai, shi ne ka kashe fiye da abin da kake da shi a asusu, banki ya cika maka, sannan ya karɓi ƙari a kan abin da ya cika ɗin.

Abin da nake so mu fita da shi guda ɗaya ne. Mafi yawan masu faɗawa wannan rami ba son riba ya kai su ba, rashin lissafi ne. To idan rashin lissafi zai iya kai Musulmi ga biyan riba, ka ga ke nan lissafin ya tashi daga batun ra'ayi ya shiga batun addini.

NA ƊAYA: WA KE BIN WA?

Mu fara fahimtar alaƙarka da banki. Mu muna cewa "ajiya", amma a fiƙihu kuɗin da ka zuba a asusunka na yau da kullum rance ne ka bai wa banki, domin yana juya su, kuma wajibi ne a kansa ya biya ka duk sa'ad da ka nema, ko ya ci riba ko ya faɗi. Wannan shi ne abin da Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda mazauninta yake Jidda, ta tabbatar a zamanta na Abu Dabi a 1995.

Ke nan muddin akwai ko naira ɗaya a asusunka, kai ne mai bin bashi, banki ne ake bi. Amma da zarar ka tsallake sifili, sai reshe ya juye da mujiya. Banki ya zama mai ba da rance, kai ka zama mai cin bashi. Shi kuwa banki mai aiki da kuɗin ruwa ba ya ba da rance don Allah.

NA BIYU: INDA ABIN YA FI ƘAMARI

Wannan al'ada ta fi ƙarfi a Amurka da Ingila, kuma ya kamata mu san yadda take a can, saboda akwai 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikata da suke zaune a waɗannan ƙasashe, sannan abin da bankunansu suka fara yau shi namu ke kwaikwaya gobe.

A Amurka an daɗe manyan bankuna suna cajin kimanin dala 35 duk lokacin da mutum ya zarce abin da ke asusunsa. A da ba ruwansu da yawan abin da ka zarce. Ka sayi shayin dala 4 alhali saura dala 2 a asusunka, banki ya cika maka dala 2, ya caje ka 35. In ka sake sayen wani abu a wannan yini, a sake wani cajin. Hukumar gwamnatin ƙasar da ke kare masu hulɗa da bankuna ta ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai bankuna sun tara sama da dala biliyan 15 daga wannan caji da ɗan uwansa na ƙin biya saboda rashin isassun kuɗi. Kuma ta nuna cewa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na masu asusu su ne ke biyan kusan kashi 80 na kuɗin. Su wane ne? Masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda albashinsu ke ƙarewa kafin wata ya ƙare. Haka riba take tun fil azal, a kan mai rauni take kiwo.

Har dabara aka riƙa yi: maimakon a jera cinikin mutum yadda ya yi shi daga safe zuwa dare, sai a fara cire mafi girma, don asusun ya ƙare da wuri, ƙananan da suka biyo baya kowanne ya jawo nasa caji. A 2010 wata kotun tarayya a Kaliforniya ta umarci bankin Wells Fargo ya mayar wa mutane dala miliyan 203 a kan wannan. A shekarar ce kuma doka ta fara aiki cewa banki ba zai caji mutum obadiraf a kan cirar kuɗi a ATM ko sayayya da kati ba sai in shi da kansa ya amince tun farko. Don haka ɗan uwa da ke Amurka, kana da haƙƙin ka ce ba ka so. In kuɗinka ba su kai ba, katin ya ƙi aiki, shi ke nan.

A Ingila kuwa, tun watan Afrilun 2020 aka hana bankuna cajin tsayayyen kuɗi na kullum ko na wata, aka ce su mayar da shi kuɗin ruwa bayyananne. Da yawansu sai suka sa kusan kashi 40 cikin ɗari a shekara. Aƙalla dai an kira abin da sunansa.

NA UKU: MU A NAN GIDA FA?

Wani zai ce, "Malam, mu a Najeriya in babu kuɗi ai sai dai a ce maka babu." Gaskiya ne ga mafi yawan masu asusun ajiya. Amma akwai ƙofofi da suke buɗe.

Ƙofa ta farko, ma'aikata masu karɓar albashi ta banki da 'yan kasuwa masu asusun karant. Ana tallata musu cewa za su iya cin wani kaso na albashi ko na ciniki kafin ya shigo. Wani lokaci a cikin takardun buɗe asusu aka sa hannu ba a karanta ba, wani lokaci a manhajar waya aka danna "na yarda" cikin gaggawa. Daga ranar, lambar da kake gani a matsayin abin da za ka iya kashewa tana iya haɗawa da kuɗin da ba naka ba.

Ƙofa ta biyu, ƙananan caje-caje. Asusu ya kai sifili, ka bar shi, kuɗin saƙon alat da na kula da kati suna ta taruwa. Ranar da wani ya turo maka kuɗin magani, kafin ka kai wurin mai POS an zaftare.

Ƙofa ta uku, rancen waya na nan take, wanda mutum ke rugawa gare shi ranar da ya ga asusu ya bushe ba zato. Kuma ka sani, tun 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin da ya ba bankin da ke bin ka bashi damar bin lambarka ta BVN ya cire haƙƙinsa daga asusunka da ke wani bankin daban, matuƙar ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rancen. Zamanin a ci bashi a nan a ɓoye kuɗi a can ya wuce.

NA HUƊU: BA KOWANE CAJI NE RIBA BA

A nan sai mun yi adalci, kada mu haramta abin da Allah bai haramta ba. Cajin banki iri biyu ne.

Akwai ladan aiki. Banki ya tura maka kuɗi daga Kano zuwa Legas cikin daƙiƙa, ya buga maka kati, ya aiko maka saƙo. Wannan aiki ne aka yi maka, karɓar lada a kansa ijara ce, halal ce. Kana iya ganin ya yi tsada, kana iya ƙorafi, amma tsada daban, riba daban.

Akwai kuma ƙarin da ake karɓa saboda an ranta maka. Ƙa'idar da malaman mazhabobi suka haɗu a kanta ita ce, duk rancen da aka shardanta wa mai ba da shi wani amfani a kansa, wannan amfanin riba ne. Majalisar Fiƙihun da na ambata ta zartar a Jidda a 1985 cewa kuɗin ruwan banki shi ne ribar da aka haramta. A zamanta na Amman a 1986 kuma ta ce ya halatta a karɓi ainihin abin da aka kashe wajen hidimar rance, amma duk abin da ya ɗara haka riba ne. To yanzu ka tambayi kanka: cika wa mutum dala 2 da kwamfuta ta yi cikin ƙiftawar ido, hidimarsa ta kai dala 35? Kuɗin da ke ƙaruwa da yawan kwanaki da yawan abin da aka ranta, ladan wane aiki ne? Canza wa abu suna ba ya canza hukuncinsa.

Kada wani ya ce ai kaɗan ne. Mu ɗauka ka zarce da naira 100,000, ruwan kuma kashi 30 cikin ɗari a shekara. A kwana 30 zai kama kimanin naira 2,466. Ƙila a wurinka ba wani abu ba ne. Amma ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara, daga ta 275 zuwa ta 279, ba su ware ƙaramar riba sun halatta ba, kuma ya inganta a Sahihu Muslim cewa tsinuwar ba ta tsaya a kan mai karɓa kaɗai ba, ta haɗa da mai bayarwa. Abin lura kuma, daga gama maganar riba sai ga aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, tana koyar da rubuta bashi, ƙaraminsa da babbansa. An hana mu riba, nan take kuma aka miƙa mana alƙalami.

NA BIYAR: YADDA LAMBAR WAYA KE YAUDARAR MUTUM

Ga misali. Ma'aikaci ne, ran 20 ga wata ya duba ya ga naira 42,000. Hankalinsa ya kwanta. Amma ya manta cewa ya ba banki umarnin cire 20,000 duk ran 25 ga wata zuwa ƙungiyar adashin ofis. Ya manta ya rubuta wa mai siminti cakin 15,000 wanda bai kai banki ba tukuna. Ya manta akwai 5,000 na data da ke sabunta kanta. In ka cire waɗannan, abin da ya mallaka a haƙiƙa naira 2,000 ne. Shi kuwa sai ya shiga kasuwa ya yi cefanen 10,000. Idan asusunsa mai obadiraf ne, komai zai wuce lami lafiya, babu na'urar da za ta ƙi shi, amma ƙarshen wata ana bin sa 8,000 da ruwa a kai. Idan kuma ba mai obadiraf ba ne, cakin mai siminti zai dawo, ga kunya, ga tara, kuma tun 1977 akwai dokar da ta mayar da ba da cakin da babu kuɗi a bayansa laifi a Najeriya.

Banki yana nuna maka abin da ya riga ya fita ne kawai. Abin da ka yi alkawari bai fita ba tukuna, kai kaɗai ka san shi.

Haka ƙananan caje-cajen da muke rainawa. A jadawalin Babban Banki da ya fara aiki a farkon 2020, tura kuɗi har zuwa 5,000 naira 10 ne, daga nan zuwa 50,000 naira 25, abin da ya haura haka naira 50, ban da harajin kashi 7.5 a kan cajin. A Maris ɗin 2025 cirar kuɗi a ATM ɗin bankin da ba naka ba ta koma naira 100 a kan kowace 20,000. A Mayun shekarar saƙon alat ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Ga kuma naira 50 ta gwamnati a kan turin da ya kai 10,000. Yanzu lissafa wanda ya yi taransifa 30 a wata a kan naira 25, ya sami saƙo 60, ya je ATM ɗin wani banki sau 5, harajin naira 50 ya hau kansa sau 10. Ya haura naira 2,100 a wata, kusan 26,000 a shekara. Waɗannan farashi ana sauya su lokaci zuwa lokaci, amma darasin bai sauya ba: da yayyafi kogi kan cika, da yoyo kuma randa kan ƙare.

NA SHIDA: ABIN YI

1. Ka je bankinka ko ka kira su ka yi tambaya ɗaya: shin akwai obadiraf a kan asusuna? In akwai, ka rubuta musu cewa a rufe shi, ka riƙe kwafin takardar. Katinka ya ƙi aiki a gaban mai shago, ka ce "a rage kayan", wallahi ya fi maka alheri da ya yi aiki da kuɗin ruwa.

2. Ka samu ɗan littafi, ko na naira ɗari biyu ne, ko ka buɗe wuri a wayarka. Duk abin da ya fita ka rubuta a lokacin, da kwanan wata. Abin da ka yi alkawari ma ka rubuta shi a ranar da ka yi alkawarin, ka ɗauka ya riga ya fita. Iyayenmu 'yan kasuwar Kurmi da Kantin Kwari da littafi suka riƙe dukiya, wasunsu da ajami suke rubutawa.

3. Ranar da albashi ko kuɗin ciniki ya shigo, kafin ka taɓa ko sisi, ka fitar da wajibai: abincin gida, haya, kuɗin makaranta, bashin da ake bin ka, adashi. Abin da ya rage shi ne naka na kashewa. Ka raba shi gida huɗu, kowane mako da rabonsa.

4. Ka sa wa kanka iyaka da za ka ɗauka ita ce sifilinka. Wani 5,000, wani 20,000, gwargwadon hali. In asusu ya sauko nan, ka ce kuɗi sun ƙare. Wannan ɗan abin da ka bari shi zai shanye cajin da ya zo ba ka shirya ba.

5. Ka ware lokaci ɗaya a mako, ko bayan sallar Asuba ranar Juma'a, minti goma kacal, ka gwada littafinka da abin da banki ya nuna. Ƙarshen wata kuma ka nemi cikakken bayanin asusunka ka bi shi layi-layi. Kada ka dogara da alat kaɗai, domin yakan makara, wani lokaci ma ba ya zuwa.

6. Ka binciki duk wurin da ka taɓa sa lambar katinka: data mai sabunta kanta, kuɗin kallo, manhajojin da aka ce gwaji ne kyauta na mako ɗaya. Wanda ba ka buƙata ka soke shi.

7. In ka biya da POS aka ce bai wuce ba, ka karɓi takardar, kuma kada ka lissafa kuɗin a matsayin naka har sai ka tabbatar da inda suka tsaya.

8. Kada ka cakuɗa amana da kuɗinka. Wannan ina faɗa wa kaina da sauran limamai da ma'ajin ƙungiyoyi da uwayen adashi. Kuɗin masallaci, kuɗin marayu, kuɗin da ɗan uwa ya turo daga waje a saya masa fili, kowanne ya zauna a asusunsa daban. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai ga lamba mai kauri ya ɗauka yana da hali, ya ci ya wuce nasa. Wannan ma obadiraf ne, sai dai ba banki ka ci wa ba, maraya ka ci wa, kuma ya fi wancan muni.

Ke ma 'yar uwa mai sana'a a cikin gida, mai sayar da kaya ta waya, wannan magana da ke ake. Ki raba uwar kuɗi da riba, ki raba kuɗin sana'a da na cefane. Mata da yawa jarinsu ya narke ba don ciniki ya ƙi ba, sai don komai a asusu ɗaya yake.

NA BAKWAI: WANDA YA RIGA YA SHIGA

Kada ka yanke ƙauna. In ba ka san an ɗora maka ba, Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba, amma daga yau ka sani. Ka gaggauta biya, domin kowace rana ƙari take yi. In da abin da za ka sayar ka sayar, in da ɗan uwan da zai ba ka rance mai kyau ka nema, kada kunya ta hana ka. Abu ɗaya nake gargaɗinka a kai: kada ka ci rancen waya don ka biya na banki, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Idan ka gama biya ka rufe ƙofar, ka yi istigfari.

In kuma ka ga an cire maka abin da ba ka amince da shi ba, neman haƙƙinka ba rashin tawakkali ba ne. Ka rubuta ƙorafi ga bankin, ka karɓi shaidar sun karɓa. In ba su warware ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, ka kai can.

Wanda kuma yake da dama ya koma bankin da ba ya aiki da kuɗin ruwa, ƙofa a buɗe take. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Amma ka sani su ma suna karɓar ladan aiki, kuma su ma ba za su riƙe maka lissafin gidanka ba.

Sannan ina kira ga masu hali a cikinmu. Mutum ba ya zuwa ga riba sai ya rasa mai ranta masa. Kowane masallacin unguwa zai iya kafa ɗan asusun rance marar ruwa, da rubutu da shaidu, a riƙa ceto magidanta a kwanakin ƙarshen wata. In muka bar wannan sunna, bai kamata mu yi mamaki ba in muka ga matasanmu a hannun masu rancen waya.

RUFEWA

Mu da muke zama rabon gado mun san cewa ba a raba ko ƙwandala sai an biya bashin mamaci. Bashin da aka rubuta, magada suna biya cikin sauƙi su huta, shi ma ya huta. Wanda ba a rubuta ba shi ke ɓullowa bayan wata shida, an riga an raba, an riga an kashe. Haka zakka: wanda bai san abin da ya mallaka da abin da ake bin sa ba, ta yaya zai san ko ya kai nisabi? Kuma kowannenmu za a tambaye shi a kan dukiyarsa ta fuska biyu, mashigarta da mafitarta. Wanda ya kasa ba da bayanin kuɗin makon jiya, ya kamata ya fara shiri tun yanzu.

Malaman usulu suna cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Nisantar riba wajibi ne. In kai mai asusun da zai iya zarcewa ne, to sanin abin da ya rage a cikinsa ya hau kanka. Kafin ka kwanta yau, ka buɗe asusunka, ka cire alkawuran da ke kanka, ka rubuta lambar da ta rage. Ita ce taka.

Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa, Ya tsare mu daga haram, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu.

Wallahu a'alam.